Jan Ɗigon da ke Ƙarƙashin Bishiya

Broome, Mayu 1988

Yaya Noreen,

Gaisuwa mai yawa gare ki da mijinki Alby da yara. Ina fata ciwon bayan Alby ya yi sauƙi, ko da yake na san ba zai warke ba sai ranar da wani ya gama gyara masa rufin gida.

Wasiƙarki ta same ni tun watan jiya. Ba raini ya hana ni amsawa ba, rasa abin faɗa na yi. Kin ce wuta ta tashi daga na'urar ɗumama falo ta cinye rabin gidan Baba, maƙwabta suka fito da shi da rigar barci. Kin ce yanzu yana ɗakin ɗinkinki, bai tambayi gidan ba, bai tambayi agogon da ma'aikatar jirgin ƙasa ta ba shi ba, abu ɗaya kawai yake nema: zanen lambun bakin tafki da Mama ta yi, wanda ke rataye a gaban kujerarsa tun muna da sauran ƙuruciya. Shi ma ya ƙone. Sai kika ce in sake zana shi, wai ni ne mai fenti a gidan.

Nan na ajiye takardar na yi dariya ni kaɗai. Kusan shekara talatin ba wanda ya kira ni haka a gidanmu. Baba mai ɓata yadi yake ce mini. A wurinsa zane aikin mata ne ranar Lahadi, namiji kuwa in ya riƙe buroshi to katanga zai shafa. Amma ba zan yi masa ƙarya ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, kuma ranar da na bar gari shi ya ɗauki akwatina har tasha, bai ce mini uffan ba, ya juya.

To na yi zanen, ga shi tare da wannan takarda. Ki sani ya ba ni wuya. Abin da nake ci da shi a nan shi ne jiragen ruwan masu nutso neman lu'ulu'u da faɗuwar rana, na sayar wa 'yan yawon buɗe ido, su kuma so suke su ƙirga kowace igiya a jikin jirgi. Mama ba haka take yi ba. Irin na Faransawan nan take bi, shafe-shafe da ɗige-ɗige, in ka matso kusa ka ga dagwalon launi, in ka ja baya sai lambu ya fito. Hannuna ya manta wannan. Idona ma ya manta koren garinmu Ballarat, mai ruwan toka a ciki. Nan ƙasa ja ce, teku shuɗi ne mai kashe ido, duk koren da na haɗa sai ya fito kamar na tuta.

Zanenta sau ɗaya na taɓa ganinsa a gama, ranar jana'izarta, falo cike da mutane da kofunan shayi. Amma wurin na san shi fiye da kowa, don ranar da ta fara shi tare muka je. Na zauna a gindin babbar bishiyar nan ina zana tafkin, ita tana can bayana tana nata. Abin da na gani ran nan shi na sa: ruwa, rassa ta sama, baƙaƙen agwagin nan masu dogon wuya, rumfar makaɗa a ƙetare.

Ba sai kin gaya masa wanda ya yi ba.

Ƙanenki,
Desmond


Ballarat, Yuni 1988

Des ƙanena,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kana kuma cin abin da ba daga gwangwani ya fito ba. Alby na gaishe ka, ya ce ka bar bayansa ya huta.

Zane ya iso lafiya, kuma wallahi ya yi kyau. Ni da na buɗe sai da na zauna. Alby ya kafa ƙusa a bangon da ke kallon gadon Baba, muka rataye, muka ɗaga shi zaune, na sa masa tabarau.

Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Wa ya share lambun?"

Na ce, "Baba, ga shi nan, ga tafki, ga agwagi."

Ya ce, "Na ga agwagi, Noreen, ba makaho ba ne ni. Ba kowa a ciki." Ya ɗaga yatsa yana nuna gefen hagu daga ƙasa, yana ta nunawa har hannun ya gaji. Daga nan ya cire tabarau ya kwanta ya ba bango fuska.

A nan ne na tuna. Des, na Mama akwai babbar bishiya cikakkiya a hagu, da gindinta da komai, kai rassa kawai ka leƙo da su daga sama. Kuma a ƙarƙashin bishiyar akwai wani abu ja. Mace ce zaune da jar lema, na tabbata, don tun ina goge ƙurar firam ɗin nan nake cewa ina ma lemar tawa ce. Alby ya ce ba mace ba ce, akwatin aika wasiƙa ne. Na ce wa ke kafa akwatin wasiƙa a tsakiyar ciyawa? Ya ce wa ke buɗe lema a ƙarƙashin inuwa? Mun yi yini ba mu yi wa juna magana ba.

Ba wasa na rubuto maka ba. Abincinsa ya ragu ƙwarai. Miyar kabewa cokali kaɗan, burodi ya gutsura ya ajiye. Da can yana gidansa, a gaban zanen nan yake karyawa kullum, faranti a cinya, yana 'yan maganganunsa ƙasa-ƙasa. Likita ya ce tsofaffi irinsa in abin da suka saba ya ɓace, wani lokaci sai su saki komai. Ga sanyi ya shigo da ƙarfi bana.

Ka sake wani, ka sa bishiyar, ka sa matar. Kada ka ce mini kana da aiki, na san jiragenka ba inda za su je.

Yayarka,
Noreen


Broome, Yuli 1988

Yaya Noreen,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Baba. Ga na biyu nan.

Wasiƙarki ta rikita ni, har yau ban dawo daidai ba. Yini guda na yi a gindin bishiyar nan, daga hantsi har la'asar. Ba wata mace da ta zo ta zauna da lema. Shekarata ashirin da biyu a lokacin, Yaya, da mace ta zauna kusa da ni da ko jarida ta rufa a kai sai na lura. Akwatin wasiƙar Alby kuwa ki ce masa na gode, ya ci gaba da kwanciya.

Na zauna na yi ta juya abin. Na ce ko kwale-kwalen haya ne da aka kife a bakin ruwa, don akwai masu jan fenti. Na ce ko bargon da muka shimfiɗa ne. Na ce ko Mama wuƙar fenti kawai ta goge a wurin, ta ga ya zauna, ta bar shi, don takan yi haka. Na rufe ido in ga falon ranar jana'iza, sai in ga hular Anti Beryl ta tare daidai wurin. Yanzu ban ma tabbata rumfar makaɗa tana ciki ba, ko ni na ɗauko ta daga wani lambun. Abin da na ɗauka na riƙe shi gam, da na buɗe hannu sai na tarar ba komai.

Bishiya dai ba ta dame ni ba. Mama takan ɗauke bishiya ta kai ta inda take so, kamar kujera. Na sa ta a hagu, cikakkiya. Matar kuma tunda ke kika goge ƙurarta shekara da shekaru, na bi maganarki. Na roƙi maƙwabciyata Philomena ta zauna mini a tsakar gida da lemar jikarta, tana ta mita wai rana za ta gasa ta saboda tsohon da bai san ta ba. Na yi mata fuska, na yi mata hannu, har da maɓallin riga. In mace yake nema, ga mace, ba wanda zai ce akwatin wasiƙa ce.

Abu ɗaya zan faɗa ki bar ni da shi. Mutumin nan bai taɓa tsayawa ya kalli zanena ko ɗaya ba. Yau ga ni na bar aikin da ke ciyar da ni, a lokacin da gari ke cike da baƙi, ina fama in gamsar da shi, shi kuma yana kwance yana ba ni maki. Na san ba da gangan yake yi ba. Na san ciwo ne. Sanin bai rage mini komai ba.

Ki gwada ba shi ƙwai da ruwa-ruwa, da yana so.

Naki,
Desmond


Ballarat, Agusta 1988

Des,

Gaisuwa a gaggauce, ka yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwa nake yi.

Abin ya ƙara lalacewa, kuma laifina ne ba naka ba. Da muka rataye na biyun, da farko fuskarsa ta saki. Ya ce, "Yawwa, ga bishiyar." Na ce a raina mun gama. Sai idonsa ya sauka ƙasa.

Ya ce, "Wace ce wannan?"

Na ce, "Matar nan ce mai lema, Baba."

Ya ce, "Wa ya ba ta izinin zama a nan? Ku tashe ta. Wurin da mai shi."

Alby ya ce, "Wane ne mai shi, Clem? Faɗa mana mu kira shi."

Ya harare shi ya ce, "Kai da ko rufi ba ka iya gyarawa ba, me za ka kira?" Sai ya jawo kofin shayi ya jefi zanen. Bai kai ba, a kan bargo ya zube, ƙarfin ya ƙare. Amma ya yi ta haki yana cewa a tashe ta, har sai da na sauke shi na juya fuskarsa ga bango a bayan keken ɗinki. Ka ba Philomena haƙuri.

Na tambaye shi ta kowace hanya. Mama ce? Ya ce Winsome ai ita ke riƙe da buroshi, ta yaya za ta shiga ciki, kin cika shirme. Karenmu ne na da? Ya kau da kai. Da na matsa sai ya fara ba ni labarin wani injin jirgi da ya gyara kafin a haife ni, ya kira ni da sunan Anti Beryl.

Yanzu ni ma ban san abin da na gani ba. Na je lambun jiya cikin yayyafi, na tsaya a gaban bishiyar kamar mahaukaciya. Ba komai a gindinta sai ganye da kashin agwagi. Wataƙila ba a taɓa yin wata lema ba, ni ce nake son lema.

Ƙwai ya ƙi. Ruwa da shayi kawai yake karɓa. Likita ya ce in aka kai ƙarshen wata a haka, sai asibiti da robar abinci ta hanci, kuma ya ce kada in sa rai zai dawo gida daga can. Ban ce ka sake wani ba, don ban san me zan ce ka zana ba. Na dai gaya maka ne don kada ka ji daga baya ka ce an ɓoye maka.

Noreen


Broome, Agusta 1988

Yaya,

Ina gaishe ki da ƙoƙari. Ki karanta wannan kafin ki taɓa ƙunshin.

Fentin ɗanye ne, bai bushe ba, ba kuma zai bushe ba sai bayan makonni. Na haɗa shi fuska da fuska da wani yadin da ba komai a kansa, na sa toshiyar kwalba a kusurwoyi huɗu don kada su taɓa juna, na ɗaure da igiya. Philomena za ta Melbourne ganin 'yarta, ita za ta riƙo shi a cinya cikin jirgin sama. Ta ce tana son ta ga ƙasar da ake jifan ta da kofi. Alby ya je ya karɓa, ya riƙe ta gefe, kuma kada ya sa hannu a igiyar. Ke za ki yanke, ki ɗaga na saman a miƙe, kada ki ja shi.

Ga yadda aka yi. Da na gama karanta wasiƙarki na yi niyyar in ce miki na haƙura. Sai na tuna yadda Mama take aiki. Ba ta zama. Takan tsaya nesa da yadin, ta runtse ido har komai ya narke, ta tako ta ɗora launi, ta koma baya. In na ce mata, Mama, wannan mene ne, sai ta ce, "Ba na zana mene ne, Desmond, abin da haske ya faɗa a kai nake zanawa. Mai kallo ya kawo sauran." Ni kuwa a lokacin gani nake lalaci ne.

To na cire tabarau na ajiye. Na fitar da yadi inuwar mangwaro, na yi shi a zama ɗaya kamar yadda take yi, kafin rana ta juya. Koren ma ya zo, da na daina nemansa na zuba masa toka da ɗan shunayya. Da na iso gindin bishiyar na tsaya, don har yanzu ban san abin da ke wurin ba. Na ɗebo ja a bakin wuƙa, na shafa sau biyu, na ɗora ɗan duhu a sama, na bar shi haka. Ba mace ba ce, ba kwale-kwale ba ne, ba akwatin Alby ba ne. Rashin sanina na zana.

In kin matso za ki ce na raina muku hankali. Kada ki rataye shi kusa da gado. Ki kai shi bango mafi nisa, kamar tazarar kujerarsa da bangon falo, kuma kada ki sa masa tabarau. A iya tunawata ba ya sa su sai zai karanta jarida.

In wannan ma ya ƙi, to iyakata ke nan. Ba fushi nake ba. Na gaji ne, kuma ba ni da wani jan da ya wuce wannan.

Ƙanenki,
Desmond


Ballarat, Satumba 1988

Des ƙanena,

Gaisuwa mai yawa. Ka zauna kafin ka karanta.

Na yi yadda ka ce. Alby ya taɓa igiyar duk da haka, yanzu akwai kore a hannun rigarsa ta coci. Da na ɗaga na saman na ga abin da ka aiko, gaskiya na ce yaron nan rana ta taɓa masa kai. Ɗakin ɗinki ba shi da tsawo, sai muka buɗe ƙofa muka rataye shi a bangon baranda, yadda zai hango daga gado. Duk gidan warin fenti.

Warin ne ya fara tashe shi. Ya ce, "Winsome ta fara ɓata mana iska." Sai ya juyo ya hango. Ya tsura wa zanen ido. Ni ina tsaye da tire a hannu, na kasa ajiyewa.

Can ya ce, "To, ga shi nan. Har yanzu bai juyo ba."

Na ce, "Wa, Baba?"

Ya kalle ni kamar na tambaye shi sunansa. Ya ce, "Desmond mana. Wa kuma ke da wannan mummunar jar suwaita? Uwarsa ta saƙa masa, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ga shi can ya ba mu baya yana ɓata yadi." Sai ya ɗaga murya kaɗan, irin yadda yake yi da can a falo, wanda duk shekarun nan na ɗauka da Mama yake: "Kai, ka karya kuwa?" Ya jira. Ya ce, "Ba ya amsawa, halinsa ne. Miƙo burodin nan, Noreen, kin tsaya kamar sanda."

Ya ci rabin yanka da ƙwai. Washegari ya ci guda. Ba zan yi maka ƙarya in ce ya warke ba, jiya ma ya tambaye ni yaushe jirgin ƙasan Geelong zai tashi daga kicin. Amma likita ya janye maganar roba, a yanzu dai. Kullum da safe sai an buɗe masa ƙofa, ya yi maka tambayarsa, sannan ya ci.

Des, tana bayanka ran nan, kai ka faɗa da bakinka. Kai kana zana tafki, ita tana zana ka. Shi ya sa na farkon ba kowa a ciki, daga inda kake zaune ka zana shi. Ni kuma shekara da shekaru ina goge maka ƙura ina kiran ka mai lema. Alby ya ce shi har yanzu akwatin wasiƙa yake gani, amma ya yarda akwai kama.

Ban gaya masa wanda ya yi zanen ba. Bai tambaya ba. A wurinsa bai taɓa ƙonewa ba.

Yayarka,
Noreen


Broome, Satumba 1988

Yaya Noreen,

Ina gaishe ku duka.

Suwaitar nan launin ruwan ƙasa ce, ba ja ba. Na tabbata, ko kuma na tabbata har zuwa ranar da wasiƙarki ta zo. Hannu ɗaya dai ya fi ɗaya tsawo, wannan gaskiyarsa ce. Ban san me zan yi da sauran maganar ba. Mutumin da ke jiran jirgi a kicin ba shaida ba ne, na faɗa wa kaina haka, ban kuma yarda da kaina ba.

Kada kowa ya taɓa zanen, bai bushe ba.

Zan sauka Melbourne ranar Alhamis ta sama, Alby ya zo da mota. Nan garin ba mai sayar da suwaita, ki nemo mini ja, kowace iri. Kada ki gaya masa. Na yi furfura, rana ta cinye mini fuska, ba lalle ya gane ni ba. In bai gane ba kada ki matsa masa. Sai ki ajiye mini kujera a baranda in zauna in ba shi baya, ya yi tambayarsa.

Wannan karon zan amsa.

Ƙanenki,
Des